Uwar Ɗaki da Ƴaƴan Riƙo: Koyon Zane a Makarantar Coci ta Rorke's Drift

Gabatarwa

Hausawa na cewa rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Duk wanda ya bi sawun tarihin zanen zamani a nahiyar Afirka zai ga cewa wannan karin magana ya zauna daram, domin a ƙasashe da dama ɗakin farko da aka zaunar da yaro baƙar fata, aka miƙa masa takarda da fenti aka ce ya zana abin da ya gani, ɗakin ƴan mishan ne. Gwamnatocin mulkin mallaka akawu suke nema, da tafinta, da masinja; ba su ga abin da mai zane zai tsinana musu ba. Sai coci ta ɗauki riƙon, kowace da manufarta.

A Oye-Ekiti, cikin ƙasar Yarbawa, limaman Katolika Kevin Carroll da Sean O'Mahoney sun buɗe wurin sassaƙa a 1947, inda irin su George Bandele da Lamidi Fakeye suka yi ta sassaƙa ƙofofi da siffofi don majami'u, ga shi kuwa Fakeye Musulmi ne. A Kwango, wani ɗan mishan ɗan ƙasar Beljiyam, Marc Wallenda, ya kafa makarantar Saint-Luc a Gombe-Matadi a 1943, wadda daga baya ta zama babbar makarantar zane ta Kinshasa. A Cyrene kuma, kusa da Bulawayo a ƙasar Zimbabuwe ta yau, Edward Paterson na cocin Angilikan ya wajabta wa ɗalibansa zane, amma ya ƙi nuna musu hotunan ayyukan Turai, wai don kada idonsu ya gurɓata.

Mu da muka yi karatu da Faransanci mun fi jin labarin Poto-Poto ta Brazzaville da masu zanen Dakar na zamanin Senghor. Katangar harshe ta kāre mana wata makaranta da ta cancanci mu san ta, wato cibiyar zane da sana'o'in hannu ta cocin Lutaran da ke Rorke's Drift a Afirka ta Kudu. Ita ce wannan nazari zai duba, tare da ayyukan mutum biyu da suka fito daga cikinta, Azaria Mbatha da John Muafangejo. Tambayar da ke gabanmu ɗaya ce: idan matashi ya koyi zane a ƙarƙashin rufin coci, me yake fita da shi, me kuma yake biya?

Inda abin ya faro

Sai an san halin da ƙasar take ciki kafin a gane darajar wurin. A 1953 gwamnatin wariyar launin fata ta kafa dokar ilimin baƙaƙen fata, wadda ta janye tallafi daga makarantun mishan, ta mayar da akasarinsu hannun hukuma, da nufin a horar da ɗan baƙar fata don aikin ƙarfi kawai. A 1959 wata doka ta biyo baya, ta rufe masa ƙofar jami'o'in Turawa sai da izinin minista. Matashin da Allah ya hore wa hannu ya zama ba shi da inda zai nufa sai ƴan tsirarun wurare, kamar cibiyar Polly Street a Johannesburg, ko Ndaleni inda ake horar da malaman makaranta.

Ana cikin haka, a 1961, wasu miji da mata ƴan ƙasar Suwidin, Peder da Ulla Gowenius, suka iso asibitin mishan na Ceza a ƙasar Zulu. Dukansu sun yi karatu a makarantar Konstfack ta Stockholm, shi malamin zane, ita masaƙiya. Aikin da aka ɗora musu mai sauƙi ne a ido: su samar wa marasa lafiya masu doguwar jinya abin da za su riƙa yi da hannu, don rage kaɗaici da kuma samun ɗan abin kashewa bayan an sallame su. A 1962 aikin ya koma Umpumulo ya zama cibiya, a 1963 kuma ya sake ƙaura zuwa Rorke's Drift, kusa da kogin da Zulu ke kira Mzinyathi. A 1968 aka buɗe sashen koyon zane na shekara biyu, wanda ya rayu har 1982.

Wurin da kansa yana da nauyin tarihi. A ranar 22 ga Janairun 1879 mayaƙan Zulu suka murƙushe rundunar Ingila a Isandlwana. Da yammacin wannan rana har wayewar gari wasu dubban mayaƙan suka afka wa tashar Rorke's Drift, wadda a lokacin gidan wani ɗan mishan ne na Suwidin mai suna Otto Witt, sojojin Ingila kimanin 150 suka tsare ta. Ingila ta raba lambar yabo mafi girma ta soja har 11 ga waɗanda suka tsare wurin, ta cika duniya da labarin, har aka yi fim a kansa a 1964, domin a rufe kunyar Isandlwana. A wannan fili da aka zana tarihinsa da idon mai nasara ne jikokin waɗanda aka harbe suka zauna suna koyon riƙe wuƙar sassaƙa.

Abu guda ya bambanta wannan makaranta da sauran na mishan, kuma shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Ba a kafa ta don ƙawata majami'a ba. Babu bangon da ake jiran a cika da hotunan tsarkaka, babu limamin da ke tsaye yana auna ko fuskar da aka zana ta dace da aƙida. Coci ta ba da fili da suna da kariya, malaman kuwa masu zane ne da suka taso a ƙasar da ba ta goyon bayan wariya. Inuwar coci ta sa hukuma ba ta sa wa wurin ido kamar yadda za ta sa wa makarantar gari ba, tana ganin ai saƙa ce da ginin tukwane.

Leda da wuƙa

Fasahar da ta fi fito da sunan makarantar ita ce sassaƙar leda. Ledar nan ce mai kauri da ake shimfiɗawa a daɓen ɗaki. Mai zane zai yanko falle, ya zana abin da yake so a kai, ya ɗauki ƴar wuƙa mai baki kamar kwalfa ya riƙa ƙwaƙule duk inda yake son ya fito fari. Inda bai taɓa ba shi ke ɗaukar tawada. Sai ya shafa baƙar tawada da abin mirginawa, ya ɗora takarda, ya danne. Idan ya ɗaga, hoto ya fito, baƙi da fari, babu tsaka-tsaki. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai zanen ƙwarya a kasuwa, ya ga yadda wuƙa ke cire fatar ƙwarya farin ciki ya bayyana, ya riga ya fahimci rabin aikin.

Talauci ne ya zaɓi wannan fasaha. Fentin mai da yadin da ake zane a kai suna da tsada, leda da tawada kuwa araha ne, kuma falle guda na iya haifar da hoto hamsin ko ɗari, a naɗe a saka a ambulan a aika Durban ko Stockholm. Sai dai abin da aka zaɓa don araha ya zo da tarbiyyarsa. Ledar da aka yanke ba ta komawa. Babu gogewa, babu gyara, dole hannu ya san inda zai bi kafin ya tashi. Hoton kuma a juye yake fita, kamar hatimi, abin da ke dama ya koma hagu. Sannan launi biyu ne kacal a hannun mai aikin. A ƙasar da doka ta raba mutane gida-gida bisa launin fata, duk mutumin da aka sassaƙa dole a yanke masa hukunci: baƙi zai fito ko fari? Kayan aikin da kansu sun tura ɗalibi ga maganar da aka hana shi yi da baki.

Mbatha: Littafi cikin tufafin Zulu

An haifi Azaria Mbatha a 1941. Yana kwance a asibitin Ceza ya haɗu da Peder Gowenius, wanda ya nuna masa yadda ake sassaƙar leda. Ya zama ɗalibi na farko-farko, sannan ya zama malami a cibiyar, kuma salonsa ne ya zama tamkar tambarin makarantar. A 1965 ya samu tallafin karatu zuwa Konstfack, daga baya kuma ya koma Suwidin da zama.

Mbatha ya taso a gidan Kirista, kuma akasarin ayyukansa na farko labaran Littafi Mai Tsarki ne, waɗanda da yawansu mai karatu ya san su ta wata hanya: Annabi Yunusa da kifi, Annabi Dauda da Jaluta, Annabi Yusufu da ƴan'uwansa, gudun hijirar Maryamu da ɗanta zuwa Masar. Yakan raba takarda layi-layi, kamar kunyoyin gona, kowane layi ɗauke da wani sashe na labarin, ido ya bi daga wannan zuwa wancan yadda kunne ke bin mai tatsuniya. Mutanen da ke ciki Zulu ne, da garkuwar fata da māshi da shanu da bukkoki. Ba ya barin fili a banza. Inda babu mutum akwai ganye ko zanen ado.

Wasu manazarta sun ɗauki wannan a matsayin cikar burin mishan, wato a sa wa bishara tufafin gida don ta shiga zuciya. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta ƙare a nan ba. Ya kamata a tuna cewa cocin da masu mulkin wariya ke bi ta daɗe tana kafa hujja da wannan Littafi, tana cewa rabuwar al'ummu nufin Allah ne. Idan baƙar fata ya sassaƙa bayin da ke ƙarƙashin Fir'auna da fuskar ƴan'uwansa, ko ya sassaƙa yaro makiyayi yana fuskantar ƙato mai sulke, kowa a Afirka ta Kudu ta shekarun 1960 ya san wane ne Fir'auna, ya kuma san wane ne ƙaton. Ɗan sandan ciki kuwa ba shi da abin kamawa, domin labarin yana cikin littafin da shi ma yake karantawa ranar Lahadi. Habaici ke nan, irin wanda ake yi a gaban sarki, wanda ya tsargu shi ya sani.

Duk da haka dole mai nazari ya faɗi inda aikin ya yi rauni. Cunkoson ado a wasu hotunan Mbatha yakan danne zafin labarin, har ido ya shagala da kyan tsari ya manta da wahalar da ake nunawa. Kuma salon layi-layi, da ya shiga hannun ɗaliban da ba su kai shi zurfi ba, ya zama ƙa'ida da ake maimaitawa don an san tana sayuwa. Wannan cuta ce ta kowace makaranta mai malami gwani.

Muafangejo: takarda ta zama shaida

John Ndevasia Muafangejo shi ne, a ganina, mafi girman abin da makarantar ta haifar, kuma shi ne ya fi nisanta daga abin da ake tsammanin ɗan mishan zai yi. An haife shi a 1943 a kudancin Angola, cikin al'ummar Kwanyama wadda iyakar Turawa ta raba biyu tsakanin Angola da Namibiya. Ya yi kiwon shanu yana yaro. Bayan rasuwar mahaifinsa ya bi mahaifiyarsa ya ƙetara iyaka zuwa wata tashar mishan ta Angilikan, daga baya ya yi karatu a Odibo, inda wani limami mai suna Mallory ya lura da hannunsa ya nema masa gurbi a Rorke's Drift. Ya gama a 1969, bayan jinyar da ya yi ta ciwon damuwa a tsakiyar karatun. Ya koma Odibo ya koyar, ya sake zuwa Rorke's Drift a 1974, sannan ya ƙare rayuwarsa a Windhoek.

Abin da ke fara kama ido a aikinsa shi ne rubutu. Yana sassaƙa jimloli na Ingilishi a cikin hoton, a gefe ko a tsakiya ko a saman kan mutane, ya faɗi wane ne wannan, ranar da abin ya faru, da yadda shi ya ji. A tuna cewa leda a juye take bugawa: kowane harafi daga baya ya sassaƙa shi, daga dama zuwa hagu, da wuƙar da ba ta yafe kuskure. Ingilishin nasa na makarantar mishan ne, da tuntuɓe a nahawu da haruffa, kuma masu sayen hotuna a birane sun riƙa murmushi suna ganin wannan a matsayin alamar rashin wayewa mai ban sha'awa. Sun yi kuskuren karatu. Mutumin da ke sa kwanan wata da suna da wuri a jikin hotonsa shaida yake bayarwa, kuma yana son a rubuta ta yadda ba za a musa ba.

A duba hotonsa na ganawar da aka yi da shi a Jami'ar Cape Town a 1971, lokacin da ya nemi shiga sashen zane aka ƙi shi. Shi kaɗai ne baƙi, a gefe guda na tebur, ga jerin fararen fuskoki sun zuba masa ido. Babu zagi a hoton, babu kuka. Tsarin kawai ya isa: ɗaya a gaban da yawa, baƙi a gaban fari, da tebur a tsakani. Wanda duk ya taɓa zama a gaban kwamitin da ya riga ya yanke hukunci kafin a buɗe baki zai gane wannan ɗaki.

A duba kuma hotonsa na mutuwar Mandume, sarkin Kwanyama na ƙarshe mai cin gashin kansa, wanda ya faɗi a 1917 yana yaƙi da sojojin Afirka ta Kudu. Muafangejo ya bi labarin yadda mutanensa ke ba da shi, cewa an sare kan sarkin, ya ajiye abin da rahoton soja ya faɗa. A 1981 ya sassaƙa yaƙin Rorke's Drift kansa, ya cika takardar da mayaƙa har babu masaka tsinke, ya mayar da Zulu tsakiyar labarin da aka daɗe ana ba da shi ba tare da fuskokinsu ba. A wannan shekara kuma, da aka tayar da bam a makarantar horar da limamai ta Odibo ana tsakiyar yaƙin neman ƴancin Namibiya, ya sassaƙa abin da ya faru. Coci tana cikin ayyukansa ko'ina, da bishop-bishop da masu addu'a, har da naɗin Desmond Tutu a 1986, amma tana ciki ne a matsayin gidan da ya zauna, wanda aka kori shugabanninsa aka rusa gininsa. Ya zana ta kamar yadda ya zana shanun mahaifinsa da bikin auren Kwanyama da kaɗaicinsa: abubuwan da suka same shi.

Akwai hotonsa na 1984 a kan fata da kyakkyawan zato, inda baƙi da fari ke miƙa wa juna hannu. Masu zafin ra'ayi na iya cewa a nan wa'azin mishan ya rinjaye shi, yana kiran sulhu alhali ana kashe mutane. Ba na ganin haka. Wanda ya riga ya sassaƙa kan Mandume da kangon Odibo ya san farashin abin da yake roƙo. Sulhun da ya fito daga bakin mai tabo daban yake da wanda ya fito daga bakin mai kallo.

Ya bar hotuna kimanin 260. Ya rasu a watan Nuwamban 1987 a unguwar Katutura ta Windhoek, yana da shekara 44. Bayan wata bakwai, a bikin waƙe-waƙen da aka yi a filin Wembley na Landan a 1988 don cikar Nelson Mandela shekara 70 yana kurkuku, an ƙawata dandalin da hotunansa, miliyoyin mutane suka gan su a talabijin. Namibiya ta samu ƴanci a 1990, bai gani ba.

Abin da aka biya

Kada yabon ya rufe mana ido. Riƙon uwar ɗaki yana da ladansa, yana kuma da kuɗinsa, kuma a Rorke's Drift an biya ta fuska uku.

Na farko shi ne suna. Da zarar an ce wane ɗan makarantar mishan ne mai sassaƙar leda, sai masu gidajen baje kolin zane su ajiye shi a wani lungu na musamman: mai zanen gargajiya, mai zanen addini, mai baiwar da ba ta san kanta ba. An yi shekaru ana sayen aikin Muafangejo da araha ana yaba “sauƙinsa”, alhali ana nazarin takwarorinsa Turawa a matsayin masu tunani. Sai a 1988, da baje kolin da Steven Sack ya shirya a gidan zane na Johannesburg a kan tarihin masu zane baƙaƙen fata da aka yi watsi da shi, sannan da littafin da Philippa Hobbs da Elizabeth Rankin suka fitar a 2003 a kan hotunan makarantar, aka soma mayar da waɗannan mutane cikin tarihin zanen ƙasarsu yadda ya kamata. Kuma ayyukan da yawa sun riga sun tafi Turai da Amurka. Inuwar giginya ce, na nesa ka sha.

Na biyu ya shafi mata. Kuɗin da suka riƙe cibiyar sun fito ne musamman daga manyan dardumomin bango da matan karkara ke saƙawa, waɗanda suka yi suna har ƙasashen waje. Allina Ndebele, wadda ta fara a matsayin tafintar Ulla Gowenius a Ceza, ta je Suwidin ta koyi saƙa ta dawo ta horar da masaƙa da yawa. A ɗakin tukwane ma haka rabon yake: mata irin su Dinah Molefe suna gini da hannu, maza suna kan na'urar juyi. Sashen zane kuwa, wanda ke ba da takardar shaida da damar sa hannu a ƙasan hoto, maza ne suka fi yawa a ciki. Irin su Bongi Dhlomo, da ta yi karatu a can a ƙarshen shekarun 1970, ƴan kaɗan ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rabon da Turai ta yi tsakanin “fasaha” da “sana'a” ya bi ƴan Suwidin har ƙasar Zulu, duk da kyakkyawar niyyarsu, ya kuma haɗu da rabon aikin da ya tarar a gida.

Na uku shi ne dogaro. Malamai daga waje suke zuwa, wani ya yi ƴan shekaru ya tafi. Su Gowenius kansu sun bar wurin a 1968. Makarantar da ke tsaye a kan tallafin wata ƙasa da cinikin darduma ba ta da ikon kanta, kuma da kuɗi da malamai suka yi ƙaranci sai sashen zane ya rufe a 1982, yana da shekara 14 kacal, aka bar saƙa da tukwane da buga yadi suna ci gaba.

Sai dai a cikin waɗannan shekaru 14 abin da ya fito ya fi ƙarfin girman wurin. Cyprian Shilakoe, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1972 yana da shekara 26, ya bar leda ya koma bugu da farantin ƙarfe, ya samar da hotuna masu duhu kamar mafarki, cike da marayu da kakanni, waɗanda babu mai cewa wa'azin Lutaran ne. Dan Rakgoathe ya bi hanyar sufanci irin tasa. Waɗanda suka zo daga unguwannin Johannesburg, kamar Sam Nhlengethwa da Pat Mautloa da Kay Hassan, sun koma birni suka zama malamai da jagororin wani sabon ƙarni. Yawan bambancin da ke tsakanin waɗannan mutane shi ne babbar shaida a kan makarantar. Da aƙida take ɗurawa, da sun fito kamar an buga su da leda ɗaya.

Kammalawa

To, me ɗalibi ke fita da shi daga makarantar zane ta coci? Tarihin Rorke's Drift ya nuna abu uku: rufin da zai fake a lokacin da kowace ƙofa ke rufe, sana'ar da zai riƙe da hannunsa, da rumbun labarai waɗanda shi da mai zaluntarsa duk suka sani, har ya iya mayar da su harshen ƙara. Abin da yake biya kuma mun gani: laƙabin da ke manne masa, rabon da ke fifita wani a kan wata, da zaman jiran abin hannun wani.

Ma'aunin da za a auna irin wannan makaranta da shi, ko ta wane addini ce, ko a wace ƙasa take, shi ne abin da take yi ranar da hannun ɗalibi ya nufi inda darasin addini bai aike shi ba. Paterson na Cyrene ya so ƴaƴansa har ya ɓoye musu duniya. A Rorke's Drift an miƙa wuƙa aka ja da baya, yaron da aka aiko daga Odibo ya sassaƙa sarkinsa da aka kashe, da teburin da aka wulaƙanta shi, da ciwon da ya kwantar da shi, babu wanda ya karɓe ledar daga hannunsa. Uwar ɗaki ta gari ita ce wadda ɗan riƙonta ya girma ya yi magana da muryarsa, ko da abin da ya faɗa ba shi ta koya masa ba. A kan wannan ma'auni, makarantar da ta rayu shekara 14 a bakin kogin Mzinyathi ta ci jarrabawa, kuma hotunan Muafangejo, da haruffansu da aka sassaƙa a juye, suna nan suna ba da shaida.